Shekarar da Inna Ta Koma Gangaren Kanya

'Ya'yana, na sha jin yadda kuke ba mutane labarin barina aiki a Kano, kuma kowa da irin tasa. Wani ya ce faɗa na yi da ogana, wata ta ce ciwon baya ne ya dawo da ni gida, Mustafa kuwa har cewa yake yi zuciya ce kawai irin tawa. To, zuciya kam ina da ita, ba na musu, duk wanda ya zauna da ni ya sani. Amma ba ita ce ta dawo da ni Tiga ba. Tunda Allah ya ara mini kwana har na ga jikoki, bari in rubuta muku abin da ya faru da hannuna, kowa ya huta da ƙage.

Kun san mu ba mutanen Tiga ba ne na asali. Garinmu Gangaren Kanya ne, kuma yana ƙarƙashin ruwan dam tun ina goye a bayan Inna, kakarku. Ban taɓa ganin garin ba, amma a cikinsa na tashi, domin a gidanmu ba a yi hira ba tare da an koma can ba. Masunta kan ce akwai wurin da komarsu take sarƙewa a tsakiyar ruwa, sai su dawo suna cewa yau sun taɓa kanyar. Inna ba ta dariya idan an faɗi haka. Tana da dalili. Kafin a haife ni ta haifi 'ya mace, 'yar farinta, wadda ƙyanda ta ɗauke tana shekarun yaye, aka binne ta a cikin gida bayan ɗakin Inna, kamar yadda ake yi wa ƙananan yara a lokacin. Da ruwa ya zo an kwashe rumbu, an kwashe tukwane, an cire har ƙyauren ɗaki, amma kabari ba ya ɗaukuwa. Kuma kun san al'adar mutanen da, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane. Inna ta riƙe wannan kunyar gam, har bayan mutuwar yarinyar. Idan dole ta yi sai ta ce "waccan". Babanmu ya rasu ina ƙarami, waɗanda suka ci naman sunan duk sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, sai ya zama a duk duniya mutum ɗaya ce ta san sunan yayata, kuma ita ce wadda ba za ta iya furta shi ba. Ni kaina na girma, na yi aure, na haife ku, ban san sunan ba.

Sana'ata a Kano ita ce dasa manhajar adana takardu a kan saba. Saba ita ce babbar kwamfutar da take zaune a ɗaki guda, sauran kwamfutocin ofis suna ɗiba daga gare ta suna zubawa. Ma'aikata ko kamfani sukan tara takardu har su rasa wurin sa ƙafa, sai a kira mu, mu kafa musu wurin da za a ɗauki hoton kowace takarda a adana, a tsara wa zai gani da wa ba zai gani ba. Na yi shekaru ina wannan a ƙarƙashin Injiniya Bashir, mutumin kirki wanda ya koya mini rabin abin da na sani. Wata shekara sai ƙungiyar masunta da manoman rani ta yankinmu ta sami tallafi don adana takardun filayenta, aikin ya faɗo hannun kamfaninmu. Injiniya ya kira ni ofishinsa yana murmushi.

"Sa'idu, ga aiki a ƙofar gidanku. Ka je ka ci tuwon tsohuwa, ka gama mana kafin ruwa ya sauka, akwai wani babban aiki yana jiranmu."

Na taho da sabar a bayan a-kori-kura, an naɗe ta da katifa kamar mara lafiya, ni kuma ina zaune kusa da ita ina yi wa direba masifa duk ramin da ya faɗa daga Bebeji har Tiga. Shugaban ƙungiyar, Malam Hamisu, malamin allo ne kuma masunci, dattijo mai sanyin magana. Ya ba mu wani ɗaki a ofishinsu, muka toshe tagogi saboda ƙura da jemagu, aka kafa sola a kan rufi, aka jera batira, aka sa esi mai sanyaya ɗaki. Sai da na tabbatar wuta ba ta rawa kafin na danna makunni. Wallahi na kunna saba ba adadi a rayuwata, amma har gobe idan fankokinta suka tashi da wannan gurnani, fitilu suka fara ƙyaftawa kore-kore, sai tsigar jikina ta tashi. Akwati ne da mutum biyu za su ɗauka, amma zai haɗiye takardun da suka fi ƙarfin babbar mota, bai ƙara nauyin ko tsinke ba. Malam Hamisu ya tsaya a bakin ƙofa ya cire takalmi, ban ce masa ya cire ba, ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Allah mai iko." Ni ma abin da ke raina ke nan.

Aikin yana da matakai, kuma ba a tsallake ɗaya. Ka fara sa tsarin da zai tafiyar da injin kansa, sai rumbun bayanai, wanda shi ne cikin abin, sannan manhajar ta hau kai. Ka buɗe mata ƙofofin da za ta yi magana da sauran kwamfutoci, ka rufe waɗanda ɓarawo zai bi. Ka haɗa sikana, wato na'urar ɗaukar hoton takarda, ka tsara yadda kowace rana za a yi kwafin komai a wani faifai dabam, don ko wannan ya mutu kada a yi asara. Ranar da muka gwada, Malam Hamisu ya ba ni takardar wata gona, na sa a sikana, na kira wani wakilinsu da ke Tudun Wada na ce ya duba kwamfutarsa. Kafin in sauke waya daga kunne ya fara karanto mana iyakokin gonar, gabas da wane, yamma da wane. Malam ya dubi takardar da ke hannunsa, ya dubi wayar, ya juya takardar baya kamar yana neman inda ta tsage ta tafi. Na yi dariya, amma ni ma a ƙasan raina mamakin bai taɓa barina ba.

Matsala ta zo ranar da aka ce jama'a su kawo takardunsu. Manhajar ba ta karɓar takarda sai an zaɓa mata gari daga jerin da kamfani ya shirya, jerin kuwa na garuruwan da ke kan taswira ne yanzu. Matasa ba su sami damuwa ba. Sai ga wani tsoho ya zo da sanda, ya ciro wata takarda daga cikin hularsa, duk ta yi ja saboda tsufa, rasidin haraji ne na mahaifinsa. Na gaishe shi, na tambayi garin da za a rubuta.

"Gangaren Kanya," in ji shi.

Na rubuta, injin ya fito da jan rubutu. Na ce, "Baba, a ina kake zaune yanzu?"

"Inda nake zaune dabam, garinmu dabam. Takardar nan ba a nan aka ba da ita ba. Me injin ya ce?"

Ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce injin ya ce bai san wannan gari ba. Tsohon ya ninke takardarsa, ya mayar cikin hula, ya sa hular, ya fita. Kafin la'asar duk tsofaffin da ke zaune a inuwar ofis sun watse. Da na koma gida labari ya riga ni. Inna tana zaune a kan tabarma tana gyaran zogale da lalube, don a lokacin idonta ya fara tafiya, ƙafafunta kuma sun kumbura. Ba ta amsa gaisuwata yadda ta saba ba.

"Sa'idu, an ce injin naka ya ce babu garinmu."

"Inna, ba haka ba ne, ba a sa masa ba ne kawai."

"To wa zai sa masa? Mu da muka san garin saura mu nawa? Kana ganin ƙafar nan tawa za ta kai wani rani?" Hannunta ya tsaya a cikin faranti. "Idan garin babu, to waccan a ina take kwance?"

Tun da nake ban taɓa jin ta kawo maganar da kanta ba. Da safe na kira Injiniya Bashir na gaya masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce in ƙara layi ɗaya a ƙasan jerin, in rubuta "sauran garuruwa", duk wanda garinsa ya nutse a zuba shi ciki, in haɗa kayana in taho. Ta fuskar aiki gaskiya ya faɗa, kwangilar ba ta ce a tono garuruwan da ke ƙarƙashin ruwa ba, kuma idan na sauya tsarin kamfani ba zai ɗauki nauyin gyara ba. Na ce a ba ni 'yan watanni. Ya ce babu hali, wancan aikin ba zai jira ba, idan ban zo ba dole ya sa wani a kujerata. A nan ne zuciyar da kuke faɗa ta motsa, na ce masa ni ba zan je in gaya wa uwata cewa ita ce "sauran" ba. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Sa'idu, ka yi tunani, kana da iyali." Na ce na yi. Gaskiyar magana ban yi ba, sai daga baya na yi ta yi.

Na miƙa wa kamfani aikinsu yadda kwangila ta ce, aka sa hannu, na ajiye aiki, sannan na roƙi Malam Hamisu ya bar ni in ci gaba da kula da sabar a matsayin ɗan gari. Uwarku Binta ta zo daga Kano da ku a mota, ta same ni a zaure. Kun san ta, ba ta ɗaga murya, amma maganarta tana shiga.

"Malam, yanzu saboda garin da kifi ke kwana a ciki ka ajiye abin da muke ci?"

"Saboda Inna ne."

"Na sani. Da ka gaya mini kafin ka yi, da na ce ka yi. Abin da ya ɓata mini rai ke nan."

Ta shiga ciki ta durƙusa ta gaida Inna, ta ɗaura zani ta hau wanke-wanke, ba ta ƙara tayar da maganar ba har yau. Amma kun ɗanɗana abin da ya biyo baya. Mun saki gidan haya na Kano, an sauya muku makaranta, na koma gyaran waya da haɗa sola a kasuwar Bebeji. Mustafa, na san ka daɗe kana jin haushina a kan wannan, kuma ban ga laifinka ba.

Na ɗauka aikin mai sauƙi ne. Na buɗe sabon reshe a cikin manhajar, na sa masa suna Gangaren Kanya, na ce a ƙarƙashinsa kowace unguwa da aljihunta, kowane gida da nasa. Na zauna gaban Inna da kwamfuta a cinya na ce ta lissafo mini gidaje. Ta faɗi biyar ko shida ta rikice, ta maimaita wani, ta manta wani, ta fusata ta ce kaina ke mata ciwo da tambaya. Waɗanda ta faɗa kuma injin ya jera su bisa haruffa, yadda aka gina shi ya yi. Da na karanta mata sai ta tafa hannu.

"Wa ya kai gidan Ali Maƙeri jikin gidan Audu Sarkin Ruwa? Tsakaninsu akwai masallaci da rijiya da garken Fulani. Wannan ba garinmu ba ne, ka rushe."

Gwaggo Delu ce ta cece ni, ƙawar Inna wadda aka auro Gangaren Kanya shekarar da aka tashi. Tana zaune gefe tana cin goro tana kallon wautata.

"Kai ɗan boko, haka ake tambayar gari? Wa ya taɓa zama ya ƙirga gidajen garinsu? Da ƙafa muka san shi. Ku ba ta ƙwarya."

A garinmu, in ji ta, idan an yi tuwon suna ko na salla, matan gida su ke fita rabo da kansu, kuma rabon yana da hanya. Daga gidan liman ake farawa, a bi dama, ba a tsallake ƙofa ko da kuwa ba a ga maciji da masu gidan, har a zagayo a ƙare a gida. Inna ta yi wannan zagaye tun tana amarya. Binta ta ɗauko ƙwarya ta rufe da faifai, muka tayar da Inna tsaye a tsakar gida, aka ɗora mata a ka. Ta tsaya jim, tana riƙe da kafaɗar Binta. Sai na ga bayanta ya miƙe. Ta yi taku uku, ta tsaya a gaban bangon da babu komai sai inuwar darbejiya, ta yi sallama da wata murya da ban san tana da ita ba, siririya, irin ta yarinya mai kunya.

"Salamu alaikum, gidan Liman. Iya, ga ɗan tuwo an ce a kawo."

Gwaggo Delu ta amsa daga inda take, "Maraba da amarya, an gode, a gaida mutan gida."

Inna ta juya dama, ta ce a yi hankali da kwata a nan, ta ɗaga ƙafa ta tsallake kwatar da ta shekara hamsin a ƙarƙashin ruwa. Ta yi sallama a gidan Ali Maƙeri, ta faɗi matansa da 'ya'yansa, ta ce a nan akwai kare, kada a shiga sai an kira. Ta wuce masallaci ta sassauta murya. Ta tsaya a rijiya ta sauke ƙwarya ta huta, don a nan ake hutawa. Ni kuwa ina zaune yatsuna suna gudu a kan kwamfuta, idona yana cika da hawaye, ban san lokacin da na fara cewa Subhanallah a fili ba. Na yi shekaru ina jinjina wa injin da ke riƙe takardu, ga shi ashe gari guda da lungunansa da karnukansa yana naɗe a cikin tsohuwar da nake saya wa maganin ƙafa. Wanda ya halicci wannan ƙwaƙwalwa, ya kuma ba ɗan Adam basirar ƙera waccan, shi ne abin tsoro. Tsakar gidanmu ba ta fi taku goma sha ba, amma a ranar Inna ta zagaya rabin gari a cikinta.

Na koma kan sabar na kashe jeri bisa haruffa a wannan reshe, na sa wa kowane gida lamba bisa hanyar rabo, don injin ya bi ƙafar Inna. Labari ya bazu. Inna unguwarsu da ta kusa ta sani sosai, sauran sai da aka nemo masu su. Tsofaffin mata suka riƙa zuwa a kan babur daga Burumburum, daga Kiru, har daga Doguwa inda aure ko noma ya kai su, kowace ta karɓi ƙwarya ta yi nata zagayen. Wani lokaci su yi ta gardama a kan ko bishiyar ƙofar gidan wane tsamiya ce ko marke, har sai an raba su, sannan su rungume juna suna kuka. Ina ɗaukar muryoyinsu a waya ina zubawa a aljihun kowane gida. Mutanen wasu garuruwan da suka nutse su ma suka ce ba za a bar su a baya ba, na buɗe musu nasu rassan. Injiniya Bashir bai yi ƙarya ba, da aka sabunta manhajar tsarina ya wargaje, sai da na yi makonni ina gyarawa ni kaɗai ina zagin kaina. Amma a ƙarshe tsarin ya tsaya. Wata safiya sai ga tsohon nan mai sanda ya dawo. Malam Hamisu ya zaunar da shi gaban allon kwamfuta, na buɗe gidan Liman, na bi dama, gida bayan gida ina karantawa. Da muka zo na bakwai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, nan ne." Ya cire hula ya miƙo mini takardar.

Gidanmu ne na ƙarshe, don a gida ake ƙare rabo. A lokacin damina ta sauka, Inna ba ta iya tsayawa, a kwance take yawancin yini. Na zauna bakin gadonta da hantsi na sa kakana da kakata a cikin injin, na sa Baba, na sa ita, na sa kaina, jaririn da aka fita da shi a goye. Na karanta mata, na ce an gama.

"Saura ɗaya," in ji ta.

"Na sani, Inna. Amma injin ba ya karɓar mutum babu suna. In sa 'yar fari?"

"Ba haka aka raɗa mata ba."

Ina jin ɗigar ruwa daga indararo. Ban ce ta faɗa ba, ba zan iya ba, wannan kunyar ta girme ni. Can sai ta juyo da fuskarta wajena, idanun nan da suka yi fari-fari.

"Injin naka yana iya riƙe magana, kada kowa ya ji sai bayan raina?"

"Yana iyawa. Ana kulle abu a ce wane ne kaɗai zai buɗe."

"Har kai ba za ka ji ba?"

A nan matsalar take, domin mai kula da saba yana ganin komai, haka aka gina abin. Na ce mata akwai hanya. Za a kulle da kalmar sirri wadda Malam Hamisu zai sa da hannunsa, ni kuma in cire kaina daga masu izini, ko na so ba zan iya ba. Ta ce to in kunna abin ɗaukar magana in ajiye mata, in fita, in ja ƙofa, in kori kowa daga tsakar gida. Na yi yadda ta ce. Muka tsaya a zaure ni da Binta da Gwaggo Delu kamar masu jiran haihuwa. Da ta kira ni na shiga na same ta ta juya fuska bango, ta miƙo wayar ta baya ba ta dube ni ba. Kai tsaye na wuce ofis na zuba maganar a saba, ban saurara ba, Allah shaida ne. Malam Hamisu ya sa kalmarsa ina juye da baya, na goge wanda ke cikin wayar a gabansa, na sa wa wurin suna "Ajiyar Inna" kafin lokaci, na cire sunana daga masu izini. Ban taɓa jin nauyin danna maɓalli irin na ranar ba.

Inna ba ta kai ranin ba, kamar yadda ta faɗa. Ta rasu ana girbin gero. Bayan an watse daga zaman makoki Malam Hamisu ya zo da kansa ya ce in taso, akwai amana a wuyansa. Muka shiga ɗakin sabar, ya cire takalmi kamar kullum, ya sa kalmar, ya fita ya bar ni. Fankoki suna ta gurnaninsu. Na danna. Da farko babu komai sai ɗigar indararo da numfashinta, har na ɗauka ta kasa. Na zaci idan ta yi magana za ta faɗi sunan ne kawai, yadda ake ba ma'aikaci amsa. Ashe kira za ta yi. Da muryar nan siririya ta ranar ƙwarya, a hankali, kamar mai tsoron kada surukai su ji, ta ce:

"Hajara. Hajara. Ke Hajara, ni ce. Ki yi haƙuri, ruwa ne ya kore mu, ba barin ki na yi ba. Ga ni nan tafe."

Shi ke nan abin da ke ciki. Na zauna a ƙasan ɗakin nan mai sanyi na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Da na samu kaina na tashi na goge "Ajiyar Inna", na rubuta Hajara, injin ya karɓa ba musu. Tana nan har yau a gida na ƙarshe a hanyar rabo, bayan ɗakin uwarta, duk wanda ya je ofis zai iya gani.

To, Mustafa, yanzu ka san dalilin da ya sa da aka haifa maka 'yar fari na roƙe ka sunan, na kuma hana a yi mata laƙabi, kai da matarka kuna ta cewa tsoho ya fiye rigima. Ku ku ji kunyarku idan kuna so, ban hana ku ba. Ni dai kullum da safe zan tsaya a zaure in ƙwala mata kira da sunanta har maƙwabta su ji, ko da ba ni da aiken da zan yi mata. Takan fito da gudu ta ce, "Kaka, ga ni, me zan yi maka?" In ce babu komai, Hajara, so nake kawai ki amsa.